Ƙuma da Kaska a Jikin Kare da Kyanwa: Aikin Wata Goma Sha Biyu

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, shugabannin mafarauta, abokan aikina likitocin dabbobi, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa da suka baro harkokinsu suka zo, barkanku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan ƙuma da kaska a jikin dabbobin da muke kwana gida ɗaya da su, musamman kare da kyanwa. Magana ɗaya na zo da ita. Yaƙi da waɗannan ƙwari ba aikin damina ba ne, ba kuma aikin ranar da ido ya gan su ba ne. Aiki ne na kowane wata, daga farkon shekara har ƙarshenta, kuma fiye da rabinsa a cikin gida ake yinsa, ba a jikin dabbar ba.

Na san a garuruwanmu akwai mai jin nauyin a ce an tara manyan mutane don zancen kare. Ba zan shiga gonar malamai ba, ga su nan zaune. Amma dukkanmu mun ji daga bakinsu cewa shari'a ta yarda da karen farauta da na kiwo da na gadin gona, mun kuma ji labarin mutumin da Allah ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta halaka saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya ɗaure kare a ƙofar gidansa don ya yi barci da ido biyu rufe, ko ya ajiye kyanwa don ɓeraye, ya ɗauki amana. Barin dabbar tana susa dare da rana har jini ya ƙare mata cin wannan amana ne.

Bari mu fara da ƙuma. Nau'in da ya fi yawa a jikin kyanwa shi ne dai ya fi yawa a jikin kare, kuma ba ya ƙin ɗan akuya ko ɗan tunkiya, har yakan kashe su da rashin jini idan ya yi yawa. Macen ƙuma da zarar ta sha jini, cikin kwana ɗaya zuwa biyu take fara ƙwai, kuma tana iya yin 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi. Zubewa yake yi duk inda dabbar ta kwanta: kan buhu, kan tabarma, cikin kafet, ƙarƙashin kujera, gindin randa. Nan ya ƙyanƙyashe ƙananan tsutsotsi masu gudun haske, su shige cikin ƙura da tsagar daɓe, su ci su girma, sannan kowace ta saƙa wa kanta kwanso ta shige. Idan akwai ɗumi da laima, mako biyu zuwa uku sun isa ƙwai ya zama babban ƙuma. Idan babu dabba kusa, na cikin kwanson yakan yi kwance watanni yana jira. Abin da ke tashinsa shi ne motsin ƙafa, da ɗumin jiki, da numfashi. Shi ya sa mutum zai buɗe ɗakin da aka kulle tun bara, ya shiga, ya fito ƙafafunsa sun yi baƙi da ƙuma, ya rasa daga ina suka zo.

Masana sun ƙiyasta cewa a gidan da ƙuma suka kama, manyan da ke jikin dabba kusan kashi 5 ne kawai cikin 100. Sauran kashi 95 ƙwai ne da tsutsa da kwanso a ƙasa. Ku riƙe wannan lissafin. Wanda ya yi wa karensa wanka ya ga ƙuma sun mutu a ruwa, ya yi murna, kashi biyar ya kashe. Sauran suna tafe, yau kaɗan, gobe kaɗan, har wata uku.

Gane su ba wuya. Ku tsayar da dabbar a kan farin ƙyalle mai ɗan jiƙe, ku taje bayanta da matsefi mai ƙananan haƙora, musamman gindin wutsiya. Za ku ga baƙin gari yana zuba. Ku ɗan jira. Idan ƙasa ce, baƙa za ta tsaya. Idan kashin ƙuma ne, za ku ga ya narke ya yi ja a kan ƙyallen, domin jinin dabbarku ne da ya bi ta cikin ƙwaron ya fito. Kyanwa takan lashe ƙuman jikinta ta haɗiye, don haka kuna iya duba ta ba ku ga ko ɗaya ba alhali gidan cike yake. Wannan haɗiya kuwa ita ce hanyar tsila. Ƙuma ne ke ɗauke da 'ya'yanta a cikinsa, dabba ta haɗiye shi, bayan 'yan makonni a fara ganin fararen gutsattsari kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a ƙarƙashin wutsiya. Yaro mai rarrafe da ya haɗiyi ƙuma shi ma yana iya kamuwa.

Kaska ce ta fi damuna, kuma a kanta zan fi daɗewa. Kaskar da muka fi cirowa daga kunnen kare, ja mai ɗan duhu, ba irin ta shanu ba ce da ake kwasowa a ciyawa. Ita 'yar gida ce. Tana iya yin rayuwarta kaf, daga ƙwai zuwa ƙwai, ba ta taɓa fita ƙofar gida ba. Sau uku take hawa jikin kare a rayuwarta. Tana ƙarama ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinta, ta hau ta sha jini 'yan kwanaki ta sauka, ta ɓuya ta saɓule fata. Ta sake hawa, ta sha, ta sauka. A hawa na uku ne macen ke sha har ta kumbura ta yi launin toka, wadda kowa ya sani. Sai ta faɗo, ta nemi tsaga, ta zuba ƙwai da sukan kai 4,000, ta mutu. Kuma ɗabi'arta hawa sama ce. Idan kuna nemanta kada ku tsaya duba ƙasa, ku ɗaga kai: tsagar bango, bayan ƙyaure, gefen taga, inda katanga ta haɗu da kwano. A wurare masu zafi irin namu tana iya kammala zagaye cikin kusan wata biyu, ke nan a shekara ɗaya ana iya samun uwa da 'ya da jika.

A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Gaskiya ne da ruwa ya sauka ƙuma da kaska sukan yi yawa, kowa kuma yakan tashi neman magani. Da an shiga kaka, hunturu ya busa, sai a ga sun ragu, a ajiye kwalba. To ai raguwa ba ƙarewa ba ce. A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, likitoci sun koma ba da shawarar rigakafi duk shekara, saboda ƙwarin suna samun mafaka a gidajen da ake ɗumamawa. Mu fa, da sanyinmu bai taɓa daskarar da ruwan randa ba? Bushewar hunturu tana kashe tsutsar ƙuma a fili, amma kowane gida yana da lungun da ba ya bushewa: bakin rijiya, makwarari, gindin tulu, wurin wanke-wanke, inuwar da kare ya tona yana kwanciya. Ita kuwa jar kaska tana cikin kaskoki mafi jure fari. Babba da ba ta ci ba tana iya zama cikin tsaga watanni da yawa, an ga wadda ta haura shekara. Waɗanda kuka bari da rai a watan Disamba su ne iyayen dubban da za su rufe karenku a watan Yuli. Bazara ma ba hutu ba ce. Binciken da aka yi a Faransa da Amurka ya nuna cewa idan zafi ya tsananta, wannan kaska ta fi saurin kama mutum.

Me take sa wa kare? Cuta ta farko ana kiran ƙwayarta Ehrlichia. A Aljeriya aka fara gano ta a 1935, kuma duniya ta san sharrinta lokacin yaƙin Biyetnam, inda ta kashe karnukan sojojin Amurka masu yawa, mafi yawa jinsin Jamus ɗin nan da ake ce wa Alseshan, wanda masu hali ke saye da tsada don gadi. Tana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Kare ya yi zazzaɓi, ya ƙi abinci, ya ɗan warware, mai shi ya ce ya samu sauƙi. Bayan watanni sai rama, sai haɓo ba dalili, sai jajayen ɗigo a fatar ciki. An nuna cewa kaska na iya zuba wannan cuta cikin awa uku da kamawa, don haka cire ta da safe bayan ta kwana ba kariya ba ce. Maganinta doxycycline ne na kwana 28 cur, kuma da wuya ka sami mai kare da ya kai ƙarshen kwanakin.

Ta biyu ita ce Babesia, mai fasa jajayen ƙwayoyin jini. Wani likitan Romaniya, Victor Babes, ya gano danginta a shanu a 1888, kuma a kanta ne Smith da Kilborne suka tabbatar a Amurka a 1893 cewa kaska na ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba. Ku ɗaga leɓen karen ku dubi dasashi. Na lafiyayye ja-ja ne mai sheƙi. Na mai wannan cuta fari fat, ko rawaya irin ta shawara, fitsari kuma ya yi duhu. 'Yan'uwana mafarauta, wannan taku ce musamman. Akwai nau'in Babesia mafi muni da wata kaskar daji mai launin rawaya ke ɗauka, kuma masu bincike na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, sun same shi a karnukan ƙasar nan. Kare mai gudu da kuka yi shekara biyu kuna horarwa yana iya faɗuwa cikin kwana biyu ko uku.

Mutum ma bai tsira ba. Jar kaskar kare ce ke yaɗa wani zazzaɓi mai ƙuraje da aka fara bayaninsa a Tunis a 1910. Ƙuman ɓera kuwa su suka ɗauki annobar da ta addabi Legas daga 1924 zuwa 1931, kuma a Madagaska ta kama mutum fiye da 2,000 a 2017. Ba na cewa kowane ƙuma annoba ne. Ina cewa gidan da ɓera da kyanwa da kare da yara ke raba tsakar gida ɗaya bai kamata ya raina ƙwaron da ke tsalle daga wannan jini zuwa wancan ba. Sai kuma ragon layya. Babbar kaska mai zanen ƙafa da yakan zo da ita tana iya ɗaukar zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ya kwantar. A sa wa rago maganin kaska mako biyu kafin yanka, a ɗaure shi nesa da makwancin kare. Kuma don Allah a daina murƙushe kaska da farce ko a fasa ta da dutse hannu ba safa. A kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali ba murɗawa, a jefa ta cikin kwalba mai ɗan kananzir ko a wuta, a wanke hannu da sabulu. Kada a ɗiga mata mai ko a ƙona ta tana jikin dabbar.

Yanzu ga abin da ke ɓata mini rai. Yawancin karnukan da aka kawo mana a sume saboda kaska, ba kaskar ce ta sumar da su ba, maganin ne. Mutum ya ga kaska ta rufe kunnen karensa, ya ɗauko fiya-fiya ko Sniper ya zuba a bokiti ya yi masa wanka. Kafin ya kai ƙofar asibiti kare yana dalalar da miyau, yana karkarwa, ƙwayar idonsa ta tsuke, yana zawo, numfashi na sarƙewa. Gudun gara an tadda zago. Wannan guba ta fata take shiga, ta dabbar da ta mai wankan, kuma saboda haɗarinta ne NAFDAC ta hana sayar da ita barkatai a kasuwanni tun 2019. Haka baƙin mai da kananzir, suna ƙona fata, dabba ta lasa hanta da huhu su lalace. Haka allurar Berenil, da ake yi wa shanu don sammore. Tana maganin Babesia, amma tazarar da ke tsakanin awon da ke warkar da kare da wanda ke lalata masa ƙwaƙwalwa ƙarama ce ƙwarai. Ba allurar da za a auna da ido ba ce, ba kuma wadda za a maimaita gobe don an ga bai tashi ba.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi riƙon kyanwa, to ku ji wannan da kyau. Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce. Akwai sinadari mai suna permethrin a cikin magungunan karnuka da yawa. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ɗigo kaɗan sai farfaɗiya, sau da yawa sai mutuwa. Ko kwanciya jikin karen da aka ɗiga wa ya isa ya taɓa ta. Amitraz, ruwan wankan da makiyaya suka sani, shi ma ba na kyanwa ba ne, kuma masu dawaki ku kiyaye, yana tsayar da hanjin doki. Fipronil, da ke da aminci ga kare da kyanwa, yana kashe zomo. Ku duba hoton dabbar da ke jikin kwali kafin ku buɗe.

To me za a yi amfani da shi? Magungunan zamani iri uku ne. Akwai na ɗigawa a ƙeya, irin su Frontline mai fipronil, sau ɗaya a wata. A buɗe gashi tsakanin kafaɗu har a ga fata, a matse a kan fatar, ba a kan gashi ba, kuma kada a yi wanka kwana biyu kafin nan da kwana biyu bayan nan. Akwai abin wuya, irin su Seresto, mai sakin magani a hankali har wajen wata takwas. A ɗaura shi yadda yatsa biyu za su shiga, kada yara su yi wasa da shi. Sai ƙwayoyin taunawa da suka fito wajen 2013 da 2014, NexGard na wata-wata da Bravecto na mako 12, ko da yake a wasu takardunsa mako 8 aka rubuta ga jar kaskar gida. A ganina waɗannan sun fi dacewa da karen farauta mai shiga ruwa da ciyawa, tunda maganin yana cikin jini, ruwa ba ya wanke shi. Sai dai a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu dabbobi kan yi karkarwa ko farfaɗiya da su, don haka karen da ya taɓa yin farfaɗiya a gaya wa likita. Dukkansu da nauyin dabba ake auna su. Kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai mako takwas ba, da mai ciki, da mai shayarwa, a bar wa likita zaɓi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji wanda ya yini a rana kan teburin kasuwa.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: likita, kuɗin fa? Da gaskiyarku, da yawansu daga waje ake shigo da su, kuma ba su da araha. Amma ku lissafa kuɗin gwajin jini, da maganin kwana 28, da ƙarin ruwa, da kuɗin sabon kare idan wannan ya mutu. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, amitraz yana nan ga babban kare, da sharaɗin likita ya nuna masa awon haɗawa, ya sa safar hannu, ya haɗa sabo duk ranar wanka, ya kuma yarda cewa ƙarfinsa ba ya daɗewa, sai an riƙa maimaitawa a kan kari. Magani mai rahusa da ba a fashi ya fi mai tsada da aka yi sau ɗaya da damina. Don kada a manta, ga dabara mai sauƙi: ranar da aka ga sabon wata, ranar maganin dabbobi ce. Kwana 29 ko 30 ne, daidai da wa'adin maganin wata. Kuma duk dabbobin gidan rana ɗaya. Idan aka yi wa kare aka bar kyanwa, ita za ta ci gaba da ciyar da ƙuman gidan.

Aikin gida kuwa bai fi ƙarfin kowa ba. A share makwancin dabba da lunguna kullum, a ƙona sharar, kada a tara ta a bayan ɗaki. Buhu ko tsumman da take kwanciya a kai a wanke shi da ruwan zafi duk mako, a shanya a rana tsaka. A yaɓe tsagogin bango da na daɓe, domin kowace tsaga ɗakin haihuwar kaska ce. A rage ciyawa da tarkacen itace da tsofaffin tayoyi. Idan gida ya riga ya kamu, a kira wanda ya san aikin feshi, a fitar da yara da dabbobi da abinci da ruwan sha, a fesa bango har sama, a kuma sake bayan 'yan makonni, saboda feshi ba ya ratsa kwanson ƙuma, ba ya kai wa ga duk ƙwan da ke cikin tsaga. Ku sa ran wata uku kafin gida ya tsarkaka. Ganin ƙuma ɗaya-ɗaya a mako na uku ba shaida ba ce cewa maganin jabu ne, na ƙasa ne ke fitowa suna mutuwa.

Saura maƙwabta. Kaska ba ta san katanga ba, karnukanmu da yawa kuma yawo suke. A jihar Arizona ta Amurka, daga 2003, jar kaskar kare ta riƙa yaɗa wani mugun zazzaɓi a ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, yana kashe mutane, da yawansu yara. A 2012 aka gwada aikin gayya a wata unguwa: aka ɗaura wa kowane kare abin wuya mai dogon aiki, aka riƙa fesa harabar gidaje wata-wata. Bayan wata biyar, karnukan da aka ga kaska a jikinsu ba su kai 1 cikin 100 ba, alhali a inda ba a yi aikin ba 64 ne cikin 100. Shugabannin mafarauta da masu unguwanni, wannan abu ne da za ku iya. Ku sa rana ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi magani a sari, ku gayyato likita daga asibitin dabbobi na gwamnati ko na koyarwa irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ya auna karnukan, ya haɗa da allurar haukan kare a zama ɗaya.

Ko da ana kan rigakafi, hannu ba zai huta ba. Duk maraicen da kare ya dawo daga daji a shafa shi: cikin kunne, ƙarƙashin abin wuya, hammata, matsematsi, tsakanin yatsu. Sabon kare ko kyanwa da aka kawo a sa masa magani kafin ya shiga cikin sauran. Idan kuwa kuka ga dabba ta ƙi abinci kwana biyu, ko dasashi ya yi fari, ko fitsari ya yi duhu, ko jini ya fito ta hanci, kada a tsaya gwada na kemis. A kai ta asibiti a ranar, a gaya wa likita an ga kaska a jikinta, da sunan duk abin da aka riga aka shafa mata ko aka ba ta.

Shugaba, idan akwai masu tambaya, bismillah.